Kwaɗi Uku daga Kasuwar Dole

Shekara talatin da ɗaya ina karɓar haihuwa.
Ran da aka miƙo mini takardar hutu
yatsuna suka ƙi zama.
Na gwada saƙa, zare ya gundure ni.
Na gwada ludo da jikoki, ashe 'yan cuta ne.

Sai na nufi Dole, bayan masu tukwane,
rumfar Ma'azu, inda kwaɗi ke rataye a igiya
kamar kifin da aka shanya.
Na ce: ba ƙofa zan rufe ba,
buɗewa nake son koyo, ba da mabuɗi ba.
Ya dube ni daga ɗankwali har silifa.
Ya ce: Inna, gidan wa?
Na ce: gidan zaman banza.
Dariya ta sarƙe shi da goro.

Na nuna wani ƙato mai nauyin dutsen Birni.
Ya ce: ajiye.
Wannan na shagon masu zinariya ne,
zai ci miki wata shida bai ce uffan ba,
ki tsani kanki, ki tsane ni.
Na nuna ƙarami, na dala arba'in.
Ya buga shi a gwiwa, ya wangame baki.
Ya ce: wanda tari ke buɗewa
me zai koya miki?
Mai tsatsa kuma bar shi,
ba wayo gare shi ba, ciwo ne.

Ya zaro wani na roba, gani-har-hanji,
ƙusoshinsa na rawa a fili.
Wannan na kwana uku ne, ki ga yadda cikin yake,
sannan ki ba yara.
Ido in ya saba, yatsa ya lalace.

Na biyu na tagulla, haƙori huɗu,
ya sha hannu a ƙofar wani mai awo.
Na uku haƙori biyar, sabo,
ya ce a ɓoye shi sai bayan damina.
Kowanne da mabuɗinsa, ya nanata,
don ki san in ya ƙi, ke ce, ba shi ba.
Kuma wanda ba naki ba,
ko a ƙasa kika tsince shi, ba naki ba ne.

Jika ɗaya da rabi.
Ya ƙara mini gyara: tsinken keke da ya daddale,
da ƙarfen laima mai lanƙwasa.

Yanzu bayan isha'i, in an ɗauke wuta,
ina zaune bakin randa ina taɓa duhu.
Kada ki tura. Ki tallafa. Ki saurara.
Abin da na faɗa wa ɗalibai ke nan a ɗakin haihuwa,
ban san ƙarfe ma yana da naƙuda ba.
Ƙusa ta fari ta hau. Ta biyu ta yi gardama.
Na matsa da yawa, duka suka zube,
na koma farko.

Dare na tara, can wajen tabki
'yan uwansa masu rai suna ta kwakwazo,
nawa ya yi ƙas, sau ɗaya, a tafin hannuna.
Saura kaɗan in duba agogo in rubuta lokaci.

Fassuma ta leƙo: Kaka, me ke ciki?
Na ce: babu komai.
Ta ce: to don me?
Na mayar da shi na rufe.