Baƙon da Ya Daina Kunya

Kaji tara gare ta, Inna Ige, a Kimba,
ba akurki sai gindin rumbu da inuwar magarya.
Kowace shekara bayan an ɗaure gero
ciwo kan leƙo mana kamar mai bin bashi.

Wani zuwan dare ɗaya ne:
da asuba uku sun miƙe ƙafa,
kafin azahar zance ya ƙare.
Gidan maƙwabta da nisa, gawa kuwa ba ta yawo,
sai Inna ta tona rami bayan danga
ta binne kajin tare da abin da ya kashe su.
"Mai haɗama," ta kan ce tana karkaɗe hannu,
"ya ƙone jirgin da zai haye da shi."

Wani zuwan kuma mai ladabi ne.
'Yar atishawa, ido ya yi ruwa, ƙwai ya ragu,
amma kaza na tashi ta tafi tono a juji,
ta haɗa baki da ta gidan Nomau a kasko ɗaya.
Shi ne ya hayayyafa, ya ga jikoki,
ya zauna da mu shekara da shekaru
har muka daina kiransa da suna.
Na ɗauka hali ne. Na ɗauka kunya ce.

Da albasa ta yi mini kuɗi
na gina gidan kaji a bakin hanyar Jega,
kwano da waya, dubu uku,
fiffike na gugar fiffike,
bututun ruwa guda daga bango zuwa bango.
Yau mota ta kwashi manya,
gobe wata ta sauke 'yan tsaki.
Sau ɗaya Inna ta zo, ta tsaya daga ƙofa,
ta ce, "Ina suke zuwa kiwo?"
Na yi dariya. Na ce na hutar da su tafiya.

Ashe ba kaji kaɗai na hutar ba.

Damina ta biyu da baro muka yi ta kwasa.
Malam Jaɓɓi na asibitin dabbobi ya zo da takalmin roba,
ya tsuguna, ya buɗe bakin guda, ya daɗe bai tashi ba.
Na ce, wannan baƙon daga wace ƙasa?
Ya ce, "Kila jikan na gidan Innarka ne.
Ba shi da zuciya, Arzika, balle tausayi ko ƙeta.
Cikin dubun da yake haifa
wani na tsakura, wani na wawura.
Can, mai wawura kan mutu da tukunyarsa.
Nan, kafin ta fashe ka turo masa wata.
Wa kake zaton zai fi 'ya'ya?"

Sai na tuna shekarar amai da gudawa,
Baffa kwance, ko kai ba ya ɗagawa,
amma ruwan wankin zanensa ya gangara gulbi
ya riga labarin mutuwarsa isa ƙauyen gaba.
Wanda ke da ɗan dako
ba ya lallashin mai masauki.

In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Yanzu ginin shiru, an watsa farar ƙasa,
bututun na ɗiga kan siminti, ba mai sha.
Jiya Inna ta aiko yaro da kwando,
kaji biyu da ɗan zakara mai tsinken wutsiya,
ba saƙo, ba gori.
Na kwance su a gindin magarya.
Wake-waken ta taka uku, ta tsaya,
ta yi atishawa,
ta dube ni da ido ɗaya,
sannan ta nufi juji.