Shuɗiyar Hula a Fagge

Ranar Laraba, bayan La'asar,
Saje Tanimu ya shigo shagona a Fagge,
ya ajiye hula a kan keken ɗinki,
shuɗiya, ta koɗe kamar sama da tsakar rani.

Ya ce, "Kama mini bakinta, ya zare.
Kar ka sa zare mai ƙyalli,
nemi wanda ya sha rana kamarta."
Na ce, "Saje, kai da ka aje kaki tuntuni,
me za ka yi da hular da ba ta tare rana?"

Ya zauna a benci, ya miƙe ƙafar da ke ciwo.
Ya ce, "Can ƙasar da aka kai mu tsaron sulhu,
mun sauka da motoci masu sulke, farare fat,
muka ja waya mai ƙaya, muka shige ciki
kamar kaji a akurki, muna leƙen gari.
Wata uku ba wanda ya ce mana sannu.
Yara in sun hango mu, sai bayan zana.

Rijiya ɗaya ce tsakanin unguwa biyu,
kowa ya ce kakansa ya haƙa.
An binne mutum bakwai a kan guga.
Kwamanda ya sa mu huɗu a bakinta.
Muka tsaya, faɗa ya tsaya, ruwa ma ya tsaya,
don ba macen da za ta ja guga gaban bindiga.

Sai ga wata ungozoma, gajeriya, mai giɓi,
ta zo ƙofar sansani, malamin firamare na tafinta.
Ta ce, 'Yaran unguwannin nan ni na yanke cibinsu.
Ku kun san taswira, ni na san wa ke gaba da wa.
Ku ja baya taku ɗari, ku bar ƙarfen nan a mota,
ku ba ni injin haƙa da majiya ƙarfi shida.'

Kwamanda ya kwana yana juyi.
Soja ya karɓi oda daga bakin tsohuwa?
Da safe ya cire tabarau, ya zauna a tabarmarta.

Mun haƙa ta biyu inda ta dangwala sanda.
Samarin gabas na ɗebo yashi, na yamma na kwaɓa siminti,
ba sa magana, amma daro ɗaya ke yawo a hannunsu.
Ni na riƙe tiyo, kwana tara.
Ba zan ce maka ƙiyayya ta mutu ba,
sau biyu aka sare mana bututu da dare.
Amma ran da za mu tashi, kasuwa ta ci.
Ita ta ɗinke hular nan da waya ta yage ta.
Juya ka gani."

Na juya. Ga shi nan, baƙin zare,
a karkace, manyan taku, irin na mai ɗaure cibi.
Shekara talatin ina taka keke,
ban ga mummunan ɗinki mai ƙarko haka ba.

Ya ce, "Yau akwai zama a ƙofar mai unguwa.
'Yan garuwa da 'yan sintiri sun kaure kan famfon layinmu,
har an fasa kan yaro, ana batun kiran 'yan sanda.
Ni ba wa'azi zan yi ba. Zan sa hula in zauna,
in tambaya wace tsohuwa ce ta san su duka."

Na kama bakin da zare mai ruwan toka.
Nata ban taɓa ba.
Ya miƙo kuɗi, na ce bari sai an tashi zaman.
Ya tsallaka titi yana ɗingishi tsakanin adaidaita,
ladan na gyaran murya can masallacin Juma'a,
na koma kan rigar wani da ke jira tun shekaranjiya.