Littafin Dala Ɗari

Ƙarfen tayar babbar mota
har yau yana rataye a darbejiyar lakwal ɗinmu ta Gidar.
Jiya da yamma na ƙwanƙwasa shi da dutse,
wata akuya ta leƙo daga aji uku.

A nan Mushe Tizi ya koya mana rabawa
da guntun alli kamar haƙorin jariri.
In ya ƙare sai ya tsugunna,
ya ƙarasa lissafin a ƙasa da tsinke.
Mu saba'in da huɗu, benci goma sha ɗaya.
Ni a taga nake zama,
ƙafa ɗaya a karatu, ɗaya a kasuwa.

Shekarar da iska ta yaye kwanon aji biyar
mun rubuta wa Garwa,
Garwa ta ce a jira Yawunde.
Damina biyu ta yi zama a ajin nan,
ba ta taɓa makara ba.

Wani ɗanmu ya zo daga Duwala da mota mai baƙin gilashi,
ya shafe bango da shuɗin fenti.
An yi tafi, an ɗauki hoto.
Allah ya saka masa.
Sai dai fenti ba ya haihuwa,
kafin kaka ya fara ɓarewa kamar bawon gyaɗa.

Asta mai ƙosai ce ta tara mu,
ita da ta tsaya a aji huɗu.
Ta ce, ku masu takarda, adashi ma sai an koya muku?
Ta kwance bakin zane, ta aje dala ɗari a tebur,
kuɗin duk maiƙo.
Kowane wata haka, in ji ta,
har a gaji da ganin fuskata.

Ni aka ba littafin,
wai tela ba ya gudu, kekensa nauyi gare shi.
Hannu uku ke sa wa kafin a taɓa ko sisi.
Lahadin ƙarshen wata nakan karanta shi da ƙarfi a gindin bishiya,
har da kuɗin biron da na saya.

Da asusu ya kai jaka ɗari huɗu muka yi faɗa.
Hamajoda ya ce a sayi kwano yau,
yara na jiƙewa muna ƙirga takarda.
Gaskiyarsa.
Asta ta ce wanda ya yi tuwo da iri
ya ƙoshi dare ɗaya.
Ita ma gaskiyarta.
Wata uku ba sa gaisawa.
Muka rufe rabin aji, muka gina shago biyu jikin katanga.
Hayarsu ke sayen alli yanzu,
ita ke biyan malamar da gwamnati ba ta san sunanta ba.
Ɗayan rabin ya sha ruwa shekara guda kuma. Ban manta ba.

Barmo yana turowa ta waya daga Njamena,
wani lokaci tsakar dare, in tirelarsa ta tsaya.
Dudu daga asibitin Ngaundare, ba fashi.
Akwai waɗanda suka yi shiru tun shekara ta biyu.
Ban soke sunan kowa ba,
gurbinsu na nan fari, yana jira.

Duk yaron da ya gama aji shida
yakan zo shagona ya rubuta sunansa a shafin baya da hannunsa.
Ba ma karɓar komai.
Nakan ce, ka dai san ƙofa.

Asta ta rasu bayan ƙaramar salla.
Da na buɗe littafin sai na tarar
ta biya na wata bakwai gaba,
ban san me ta hango ba.
Duk ƙarshen wata ina kiran sunanta a gindin darbejiya,
in ce ta biya.
Saura biyu.