Mai Awo a Gadarif

Ni ne mai awo a kasuwar riɗi ta Gadarif.
Shekara goma sha ɗaya ina bakin sikeli,
ina gane nauyin buhu daga takun mai ɗauke da shi,
amma ban san nauyin bakina ba
sai ranar da ya faɗo kan Tanimu.

Talata ce, rana ta take tsaka.
Manyan motoci bakwai a layi, direbobi na danna oda,
Babikir mai sito na ta duban agogo
kamar agogon ya ci masa bashi.
Buhu ya kuɓuce daga kafaɗar Tanimu,
ya fashe,
riɗi ya watsu fari fat a kan baƙar ƙasa.
Kafin ƙwayar ƙarshe ta gama gangarawa
na riga na kira shi da sunan
da ba shi aka yanka masa rago ba.

Bai tanka ba.
Ya durƙusa yana tattarawa da tafin hannu,
hannun na rawa.
Ni kuwa na buɗe littafi
na rubuta: kilo uku, asara.

Bayan la'asar na je gindin dalbejiya
wajen Hajja Nafisa mai gahawa.
Ta zuba mini, ba citta, ba sukari.
Na ce, Hajja, kin yi mantuwa.
Ta ce, ban yi ba.
Na ga yau ɗaci kake rabo, na ajiye maka naka.
Ka san ɗansa kwana huɗu yana asibiti?
A kan benci yake kwana,
daga can yake zuwa yi muku dako.

Ban sani ba.
Ban tambaya ba.
Kullum da safe nakan ce masa ina gajiya,
in wuce kafin amsar ta iso.

A daren nan barci ya ƙi ni,
sai na ɗora kaina a kan sikeli.
Ashe fushin ma ba na Tanimu ba ne.
Babikir ya sauke mini shi tun da hantsi,
mai gidan haya ya ƙara nasa a kai,
ni kuma na yi ta yawo da kayan
ina neman kafaɗar da ta fi tawa kusa da ƙasa.

Abin kunyar, sana'ata ta daɗe da gaya mini:
ba a karanta awo allura tana rawa,
a bari ta tsaya.
Kuma a cire nauyin buhu
kafin a faɗi na riɗi.

Washegari, a gaban waɗanda suka ji zagin,
a nan na ba shi haƙuri.
Harshena ya yi nauyi kamar buhu biyu.
Ya ce, ba komai.
Na daɗe a duniya, na san irin wannan ba komai ɗin,
akwai kaya a cikinsa.
Sai da aka yi mako uku
kafin ya riga ni gaisuwa.

Yanzu in na ji zafi yana hawowa ta wuyana
nakan dafa ƙarfen sikeli,
in ja numfashi, in kira abin da sunansa:
wannan tsoro ne, wannan yunwa ce,
wannan kuwa girman kai ne ya sa rigar gaskiya.
In Babikir ya ɗaga murya
nakan saurari abin da ke ƙarƙashinta,
sau da yawa banki ne ke magana da bakinsa.

Ba na cewa na warke.
Ko jiya wani direba daga Kassala ya taka ni,
na ji tsohuwar kalmar ta zo har haƙora.
Tanimu yana wucewa da buhu a wuya,
bai ko tsaya ba,
ya ce, mai awo, allurarka na rawa.