Moɗa Mai Jan Zare

A asibitin Danja na baro yatsu uku.
Da na dawo Maraɗi, aka ware mini moɗa,
aka ɗaura mata jan zare
kada yaro ya manta.

Shekara tara ina sha ni kaɗai.

Ran Lahadi, majami'ar bayan tasha,
jibin Ubangiji.
Ƙoƙo ya iso, na tallabe shi da abin da ya rage,
na kurɓa.
Nomau mai faci ya karɓa,
bai goge bakin ba.

Yesu, ashe ka riga shi.
Tun daren da Gulbi ya cika
ina kuka kan dakali,
kai ke sha a moɗata,
ko zaren ba ka kalla ba.