Muryata a Kan Gilashi

Shekara ashirin da uku ina kiran sabulu a Kejetia,
har maƙogwarona ya koma tsohon ƙyauren kwano.
Sai Mutala, ɗan ƙanwata, ya zo Aboabo da kwamfutar makaranta,
ya ce, "Inna, lasifika za ta riƙa yi miki ihun.
Ga manhaja, ko ɗan firamare ya iya.
Jan ɗigon nan, danna, ki yi magana."

Na danna.
"Sabulun salo! Sidi biyar! Maganin ƙuraje!"
Sai ga muryata kwance a kan gilashi,
shuɗiya, da haƙora kamar mataji.
Inda na ja numfashi, siririn zare.
Inda na yi tari, dutse guda.
Ashe tari ma yana da tsayi.

Ya nuna mini almakashinta.
Ni da na fara yankan atamfa tun kafin a haife shi,
wannan ai wasa ne: ja, zaɓa, datse.
Na datse tarin.
Na datse yaron mota mai kiran Adum, Adum,
da injin markaɗen Maame Serwaa,
da zakaran maƙwabta da bai san rana ta yi ba.
Sau biyu na yanke "biyar" ta koma "bi".
Akwai wata 'yar kibiya mai lanƙwasa
da ke maido abin da hannu ya ɓata.
Na daɗe ina kallon kibiyar nan.
Da ana sayar da irinta a kasuwa
na san maganar da zan janye,
wadda na faɗa wa yayata a tashar Tamale.

Wuta ta ɗauke, ban adana ba.
Muka sake daga bisimilla.

Ran Litinin na rataya lasifika a jikin laima.
Murya tas, kamar ta mai karanta labarai.
Mutane sai wucewa suke.
Can da la'asar Hajiya Memuna ta iso tana haki:
"Zuwera, sau biyu na wuce ki,
na zaci 'yan kamfani ne.
Ai tarinki nake bi in gane layin."

Daren nan ban jira Mutala ba.
Na buɗe da kaina, na lalubo dutsen nan,
na mai da shi mazauninsa
tsakanin sabulu da sidi biyar.

Zakaran dai na bar shi a waje.