Tekun Atika

Atika ta zo min da littafin makaranta,
shafi na arba'in da biyu, gefensa ya sha maiƙon ƙosai.
Wani gari ne a tsakiyar teku,
jirage ɗaure a bakinsa kamar awaki a turke.
"Baba, hutun nan can za mu je."
Na lissafa albashina a zuci,
ko kuɗin tambayar hanya bai kai ba.
Na ce, ki wanke takalminki,
ranar Asabar za ki ga ruwa.

Mu bakwai a motar mutum biyar,
da wata mata mai zakara a cinya,
direba na musu da rediyo.
Muka bar Gombe, muka wuce Kwadon,
kwandunan tumatir jere a bakin titi.
Kafin Dadin Kowa ta yi barci a kafaɗata,
littafin rungume a ƙirjinta.

Hayaƙin banda ne ya tashe ta.
Ga kwalekwale goma sha, wasu kife, wasu na yoyo,
ga tarwaɗa na juyi a cikin daro,
Laraba mai suya na kirari wa karfasarta,
wani yaro yana ɗinkin koma da yatsan ƙafa.
Atika ta duba shafi, ta duba gaba,
ba ta ce komai ba.
Ni ma na kama bakina.

Manu ɗan Hinna ya ce dubu biyu,
na ce ɗaya, ya dubi yarinyar ya ce ku hau.
Na riƙe gefen jirgi har farcena ya yi fari,
ita kuwa tana tambayarsa sunan kowane tsuntsu.

Tsibirin, in ka yarda da sunan,
bukka tara ne da akuya ɗaya,
da faifan sola guda mai cajin wayar kowa,
da tebur mai sayar da ƙugiya, sukari, ashana.
Ta kewaye shi kaf
kafin shayina ya huce.
Wata tsohuwa ta ba ta ƙumba,
cikinta na sheƙi kamar sabon kwano.

A dawowa Manu ya ɗaga filafili,
ya bar jirgi ya tsaya don kansa.
Ya nuna ƙasa da haɓa.
"Nan kasuwarmu take, ranar Talata take ci.
Can tsamiya, can rijiya.
Nan daidai aka binne cibiyata,
kafin a tare kogi."
Muka leƙa. Fuskokinmu uku kawai muka gani,
suna rawa.

Atika ta tsoma yatsa ta kai baki.
"Baba, babu gishiri."
Na ce, babu.
"Malama ta ce teku da gishiri."
Na ce, Malama ta yi gaskiya.
Ta ɗan yi shiru, ta sake leƙawa.
"To, shi na littafi, akwai gari a ƙarƙashinsa?"
Manu ya yi dariya har jirgi ya karkata,
na yi salati da ƙarfi,
su biyun suka mai da ni abin dariya.

Magariba ta same mu a tasha,
rigata na ƙarnin kifi, aljihu ya yi sauƙi.
Da dare na ji ta tana gaya wa ƙaninta Bappa
cewa ta je gari biyu rana ɗaya,
ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa.
Ya ce ƙarya ne. Ta ce ya tambaye ni.
Na yi kamar barci.

Yanzu littafin ba ya rufuwa daidai.
Ƙumba tana shafi na arba'in da biyu,
ta danne jirage biyu da rabin tekun.